Shekara 14 ina tuƙi a ofishin jakadanci, an ce mini ba a kai gwamnati ƙara

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Jidda ne. Shekara 14 ina tuƙi a ƙaramin ofishin jakadancin wata ƙasa, ba ƙasata ba, a kan albashin riyal 3,000. Wata uku ke nan da aka sallame ni, ba a ba ni kuɗin ƙarshen aiki ba. Da na ambaci kotu sai akawun ofishin ya ce kada in wahalar da kaina, gwamnati tana da kariya, ba a kai ta ƙara. Amma ina ji a rediyo Amurkawa sun kai Saudiyya kotu a kan harin 11 ga Satumba, Sudan ma an ce ta biya diyya. To wanne ne gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya musanya maka da mafi alheri.

Akawun ya faɗi rabin gaskiya, ya ɓoye rabin da zai amfane ka. Kariyar da yake magana a kai tana nan, amma ba ta ce gwamnati ta fi ƙarfin shari'a ba. Abin da ta ce shi ne, kotun wata ƙasa ba ta zama ta yi wa gwamnatin wata ƙasa hukunci, domin a idon dokar duniya su biyun tsara ne. Kamar a ce alƙalin Kano a zamanin da ya aika wa Sarkin Katsina sammaci: ko da mai ƙara ke da gaskiya, Sarkin Katsina ba talakan Kano ba ne. Saboda haka tambayoyi uku ne ke gabanka, kuma kowace da amsarta: a kotun wa za ka kai ƙarar, wane irin aiki ne gwamnatin ta yi har ya taɓa ka, kuma in ka ci shari'a daga ina za a ciro kuɗin.

Bari in fara kawar da abin da bai shafe ka ba, wato kai gwamnati ƙara a kotunta ta gida. Turawan Ingila ne suka daɗe a kan cewa sarki ba ya laifi, sai a 1947 suka yi dokar da ta ba talaka damar neman diyya daga gwamnati kai tsaye. Najeriya ta gaji tsohon tsarin, shi ya sa bayan sojoji sun ƙona gidan Fela a Legas a 1977, Kotun Ƙoli ta ce a 1985 ba za a ɗora wa gwamnatin tarayya diyyar ba, tunda abin ya faru kafin tsarin mulkin 1979 ya sauya lamarin. Mu kuwa a Musulunci wannan tunani baƙo ne. Kowa ya san labarin da malaman tarihi ke kawowa na Sayyadina Ali, yana Halifa, ya tsaya gaban alƙali Shuraihu a kan sulkensa, aka nemi shaida daga gare shi kamar kowa. A nan Saudiyya wurin da ake kai ma'aikatun gwamnati ƙara shi ne Diwanul Mazalim, wanda ya zama hukuma mai zaman kanta tun 1374 Hijira, aka sake masa doka a 1402 da 1428. Kullum ana soke shawarar ma'aikatu a can, ana sa su biyan 'yan kwangila. Iyakar da dokar ta sa masa ita ce ba ya duba ayyukan da suka shafi ikon mulkin ƙasa kansa, irin su yaƙi da hulɗa da ƙasashen waje. Da ma'aikatar Saudiyya ce ta riƙe maka haƙƙi, da maganar kariya ba ta taso ba sam.

Naka daban ne, gwamnatin waje ce a kotun Saudiyya.

A da can kariyar ba ta da togiya. A 1811 wasu Amurkawa biyu suka ga jirgin ruwansu, wanda sojojin Napoleon suka ƙwace suka mai da shi jirgin yaƙi, ya shigo tashar Filadelfiya. Suka garzaya kotu, a 1812 Kotun Ƙolin Amurka ta ce ba ta da hurumi a kan jirgin yaƙin wani sarki da ake zaman lafiya da shi. Haka aka tafi fiye da shekara 100. Abin da ya rusa wannan tsari shi ne gwamnatoci sun shiga kasuwa da ƙafarsu, suna sayen alkama, suna sayar da mai, suna da jiragen dakon kaya da bankuna. Sai ya zama gwamnati ta ci bashi kamar ɗan kasuwa, ranar biya ta yi ta ɗauko rawani ta naɗa. A 1952 Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta sanar cewa daga yanzu za ta bambanta aikin mulki da aikin ciniki. Amurka ta mai da wannan doka a 1976, Birtaniya a 1978. Sin ma, wadda ta daɗe tana riƙe da tsohon ra'ayi, ta sauya da dokar da ta fara aiki a farkon 2024.

Kuma ka san wace ƙasa ce ta zama abin misali a wannan sauyi? Najeriya. A 1975, kuɗin mai ya shigo, gwamnatin Gowon ta ƙulla kwangila 109 da kamfanoni 68 na sayen siminti sama da tan miliyan 16, alhali tashar Legas ba ta iya sauke ko kusa da haka a shekara. Jirage sama da 400 suka yi cirko-cirko a bakin teku, kuɗin jira na hawa kullum, simintin na daskarewa a cikinsu. Da Murtala ya karɓi mulki aka dakatar da biya. Wani kamfanin Suwizalan mai suna Trendtex ya kai Babban Bankin Najeriya ƙara a Landan. Lauyoyin bankin suka ce simintin na gina barikin soja ne, don haka aikin mulki ne. A 1977 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙi wannan hujja. Lord Denning, ɗaya daga alƙalan kotun, ya nuna cewa duk gwamnatin da ta shiga kasuwannin duniya ta sayi takalmin soja ko siminti, to dokar kasuwa ta hau kanta. Mu da sai mu ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Abin lura a hukuncin shi ne ba a duba niyyar mai saye ba, an duba irin aikin ne. Sayen siminti abu ne da kowane mai kuɗi zai iya yi. Ba da biza, ko kama mutum, ko korar baƙo daga ƙasa, sai mai mulki.

Wannan ma'auni shi ne makaminka, domin ɗaukar direba aiki abu ne da kowane mai gida ke yi. Kotuna sun riga sun faɗi haka a shari'o'in da suka yi kama da taka ƙwarai. A 2012 Kotun Tarayyar Turai ta duba ƙarar wani direban ofishin jakadancin Aljeriya a Balin da ke neman kuɗin ƙarin lokaci, ta ce tunda aikinsa bai shafi gudanar da ikon gwamnati ba, kotun Jamus na iya sauraronsa. A 2017 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yi hukunci a kan wata 'yar Maroko mai dafa abinci a ofishin jakadancin Sudan a Landan, da wata mai aikin gida a na Libiya. Ta ce dokar duniya ba ta wajabta a toshe wa irinsu hanyar kotu ba. Ta raba ma'aikatan ofishin jakadanci: jami'an diflomasiyya aikinsu na mulki ne, masu girki da shara aikinsu na kowa ne, na tsakiya kuma irin masu riƙe takardun sirri sai an duba abin da suke yi a zahiri. Waɗannan hukunce-hukunce ba su ɗaure alƙalin Jidda ba, amma akwai abin da ya fi su kusa da kai. A 2004 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniya a kan kariyar gwamnatoci da dukiyarsu. Ba ta fara aiki ba, don ba a cika ƙasashe 30 da ake buƙata ba, amma Saudiyya ta shige ta a 2010, wato ta sa hannu a kan ra'ayin da ke ciki. Sashe na 11 na wannan yarjejeniya ya ce ƙasa ba ta fakewa da kariya a ƙarar da ta taso daga kwantiragin aikin da aka yi a cikin ƙasar da kotun take.

Sai dai sashen ya zo da togiya, kuma a nan ne lauyan ofishin zai nemi kama ka. In aikinka ya haɗa da wani abu na mulki, kariya ta dawo, don haka ka yi tsammanin za a ce kai ne mai ɗaukar jakar diflomasiyya ko mai rakiyar manyan baƙi na sirri. In abin da kake nema shi ne a mai da kai bakin aiki, ba kotun da za ta tilasta wa wata ƙasa ta riƙe wanda ba ta so a ofishinta, saboda haka ka nemi kuɗi kawai. In shugaban ƙasar ko ministan harkokin wajenta ya ce shari'ar korarka za ta taɓa tsaronsu, nan ma an rufe. Haka kuma ɗan ƙasar da ke yi wa ofishin ƙasarsa aiki, in ba mazaunin dindindin ba ne a inda kotun take, gida ake tura shi. Wannan na ƙarshe bai same ka ba, amma ina faɗinsa saboda 'yan'uwanmu da ke aiki a ofisoshin ƙasashensu a Jidda da Riyad.

Yanzu maganar rediyo. Abin da ka ji gaskiya ne, amma ba ƙa'idar duniya ba ce, dokar Amurka ce ta cikin gida. Ƙa'idar duniya ma akasin haka ta nuna, har abin kan ba mutum haushi: gwamnatin da ta ƙi biyan kuɗin siminti ana iya kai ta ƙara a waje, wadda aka zarga da azabtar da mutum kuwa ba a iyawa. A 1993 Kotun Ƙolin Amurka ta kori ƙarar wani Ba'amurke da ya yi aiki a wani asibitin gwamnati a Riyad, wanda ya ce an tsare shi an gallaza masa. Kotun ta ce ko da zargin gaskiya ne, kamu da tsarewa aikin 'yan sanda ne, ba ciniki ba. Kotun ƙolin Birtaniya ta wancan lokaci ta yi irin wannan hukunci a 2006 a ƙarar wasu 'yan Birtaniya a kan Ma'aikatar Cikin Gida ta Saudiyya. A 2012 kuma Kotun Duniya da ke Heg ta ce Italiya ta saɓa doka da ta bar kotunanta suka saurari ƙarar diyya a kan Jamus saboda ta'asar sojojin Hitila, duk da ba wanda ya musa an yi ta'asar.

Amurka ta yi wa kanta hanya ta daban. A 1996 ta cire kariya daga ƙasashen da ita da kanta ta rubuta a jerin masu goyon bayan ta'addanci, Sudan kuwa tana cikin jerin tun 1993. Ta nan iyalan waɗanda suka mutu a harin ofisoshin jakadancin Amurka a Nairobi da Darussalam a 1998, da na sojojin ruwa 17 da aka kashe a jirgin yaƙin Amurka mai suna Cole a Adan ta ƙasar Yaman a 2000, suka samu hukuncin biliyoyin dala a kan Khartum. A shari'ar ofisoshin jakadancin kaɗai adadin ya haura dala biliyan 10. To nawa aka biya? Dala miliyan 335, kuma ba ma'aikacin kotu ne ya je ya karɓo ba. Gwamnatin Hamdok, firaministan Sudan na lokacin, ce ta yarda ta biya a 2020 don a cire sunan Sudan daga jerin, aka cire a Disamban shekarar, majalisar Amurka ta mayar mata da kariyarta ban da ƙararrakin 11 ga Satumba. Ciniki ne na siyasa, hukuncin kotu ya zama abin matsa lamba kawai. Ita Saudiyya ba ta taɓa shiga jerin ba, shi ya sa sai da aka yi sabuwar doka mai suna JASTA a 2016 don a samu damar kai ta ƙara a kan harin 11 ga Satumba. Obama ya ƙi sa hannu, yana gargaɗin cewa wasu ƙasashe za su rama a kan Amurka, majalisa ta tsallake shi, a dattawa da ƙuri'a 97 da 1. Saudiyya ta musanta hannu a harin, shari'ar kuma ta haura shekara 20 a kotun New York.

Ni a ganina wannan ba ci gaban adalci ba ne kamar yadda ake tallata shi, ƙarfi ne ya sa rigar shari'a. Dalilina yana Khartum Bahri. A watan Agustan 1998 Amurka ta harba makamai masu linzami ta rusa masana'antar magunguna ta Shifa, tana zargin ana haɗa makami mai guba a ciki. Mai masana'antar ya bi kotunan Amurka fiye da shekara 10 yana neman diyya, aka ce masa shawarar shugaban ƙasa ta kai hari ba abin da alƙali ke dubawa ba ne. Bai samu diyyar masana'antarsa ba.

Amma akwai darasi ɗaya a shari'o'in Sudan da ya shafe ka kai tsaye. Waɗanda suka ji rauni a harin Cole sun samu hukuncin sama da dala miliyan 300, sai a 2019 Kotun Ƙolin Amurka ta rushe shi, ba don an wanke Sudan ba, sai don an aika takardar sammaci zuwa ofishin jakadancinta na Washinton maimakon ofishin ministan harkokin waje a Khartum. Kuskuren adireshi ya cinye wahalar shekaru. Gwamnati ba a miƙa mata sammaci ta hannun mai gadi. Yarjejeniyar Biyana ta 1961 da ta 1963 sun hana jami'an ƙasa mai masauki kutsawa ofishin jakadanci ba izini, takardu ta Ma'aikatar Harkokin Waje suke bi.

Saura tambaya ta uku, wadda ta fi ɗaci. Cin shari'a daban, karɓar kuɗi daban, kowanne da kariyarsa. Ko ƙasa ta yarda an yi shari'a da ita, wannan bai ba kotu ikon taɓa dukiyarta ba. Ginin ofishin, da motar da ka yi shekara 14 kana tuƙawa, da asusun bankin da ake biyan albashi daga ciki, duk ba a kama su. Kotunan Jamus a 1977 da na Birtaniya a 1984 sun tabbatar da haka a kan asusun ofishin jakadanci, yarjejeniyar 2004 ma ta ƙara da kayan soja da dukiyar babban banki. A 2012 wasu masu bin Ajantina bashi sun sa kotun Gana ta tsare jirgin horar da sojojin ruwanta a Tema, bayan wata biyu da 'yan kwanaki kotun teku ta duniya ta ce a sake shi. Abin da ake iya kamawa shi ne dukiyar da gwamnati ke amfani da ita ta fuskar kasuwanci, ko wadda ta yafe kariyarta a rubuce. A kan irin wannan taƙaddama ce aka ji wata kotun Faransa ta ba wani kamfanin Sin damar tsare jiragen fadar shugaban Najeriya 3 a 2024. Masu irin wannan farauta suna da lauyoyi a ƙasashe da yawa, kai kuwa riyal dubu talatin da 'yan kai kake bi.

Ga lissafin. Dokar ƙwadago ta Saudiyya ta ba ma'aikaci rabin albashin wata a kan kowace shekara ta biyar ɗin farko, da cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan nan, a kan albashinsa na ƙarshe. Biyar ɗin farko riyal 7,500, tara da suka biyo baya 27,000, jimla 34,500, ban da kuɗin hutun da ba ka ci ba da na wa'adin sallama in ba a ba ka ba. Wannan ba kuɗin da ƙasa za ta so a ji sunanta a kansa ba ne, kuma nan ƙarfinka yake. Yawancin irin wannan rigima ba a gaban alƙali take ƙarewa ba, takarda ɗaya daga Ma'aikatar Harkokin Waje zuwa ga shugaban ofishin kan isa a kira mutum a sasanta.

Kafin komai, ɗauko iƙamarka, wato katin izinin zamanka, da kwantiraginka ka duba sunan wa ke kai. In ofishin ne ya ɗauke ka, duk abin da na faɗa a sama ya hau. In kuwa a takarda kai direban gida ne na wani jami'i, to ba gwamnati kake bi ba, mutum kake bi, dokar ƙwadago ma ba ita ke kanka ba, tsarin masu aikin gida ne. Jami'in ƙaramin ofishi irin na Jidda kariyarsa ta tsaya a aikin ofis kawai, ba kamar jami'in diflomasiyya na Riyad ba, wanda kusan ba a taɓa shi sai ya bar muƙaminsa. Ka duba kuma ko kwantiragin ya ambaci kotun da za a je in an saɓa. In ya ce kotunan Saudiyya, ka samu babbar hujja, don yarda ce a rubuce. In dokar Saudiyya kawai ya ambata bai ambaci kotu ba, wannan ba a ɗaukarsa yafe kariya.

Daga nan ka tara shaidar shigar albashi daga banki da takardar sallama, ka rubuta wa shugaban ofishin wasiƙa cikin ladabi da adadin da kake bi, ka riƙe kwafi mai hatimin karɓa. In mako biyu ko uku suka wuce shiru, ka kai koke reshen Ma'aikatar Harkokin Waje na yankin Makka da ke nan Jidda, ka kuma shigar da buƙatar sulhu a ofishin ƙwadago, wanda shi ne matakin da ake bi kafin kotun ma'aikata. Kada zaman jiran sulhu ya shagaltar da kai, domin ba a sauraron ƙarar haƙƙin aiki bayan wata 12 da rabuwa sai da uzurin da kotu ta karɓa, kai kuma uku sun riga sun tafi. Duk takardar da aka miƙo maka mai cewa ka karɓi dukkan haƙƙoƙinka, kada ka sa hannu sai kuɗin sun shiga asusunka. In kuma maganar iƙama ta tilasta maka fita ta ƙarshe kafin a gama, ka yi wa lauya ko wani amintacce wakala a hukumance tun kana cikin ƙasa, don yin ta daga gida sai an bi ta ofisoshi ana tantancewa, watanninka kuma suna ƙarewa.